Baƙuwa Ce In Ta Yi Laifi, Tamu Ce In Ta Ci Kyauta

Wata Laraba da daddare ina zaune a teburin mai shayin bakin layinmu a nan Daura, sai wani yaro ya miƙo wayarsa, ana kallon guntun bidiyon wata 'yar fim da ta yi shigar da ba ta yi wa mutane daɗi ba. Ni ban ma san yarinyar ba. Kafin a gama kallo, wani dattijo da nake kira Kawu, don abokin kawuna ne tun suna samari, ya dire kofinsa ya ce, "Ai ni na daɗe ina faɗi. 'Yan Nijar da 'yan Kamaru ne suka lalata fim ɗin nan. A tattara su a maida su inda suka fito." Aka yi ta gyaɗa kai. Na yi shiru, don ba a ja da babba a cikin mutane. Amma maganar ta tsaya mani a rai, saboda duk wanda ke teburin nan ya san mahaifiyar Kawu daga Matamaye aka auro ta, kuma har gobe in an yi rasuwa a dangin can, ta Kwangwalam yake tsallakawa ya yo kwana uku. Daga baya aka gano yarinyar da ke cikin bidiyon haihuwar Najeriya ce, iyaye da kakanni. Ban ji wanda ya janye maganarsa ba.

Abin da na haɗiye a teburin shayi shi zan amayar a nan. Zancen "baƙi ne suka ɓata mana fim" ya yi yawo sosai. Ana jin sa a majalisa, ana jin sa a rediyo in an buɗe layi, wani lokaci har a bakin mai wa'azi. Ni a ganina hanya ce ta wanke hannu, mu da muke shirya finafinan, mu da muke saye, mu da muke turawa juna guntayen bidiyon a waya tsakar dare.

Bari in ɗauki wadda kowa ya sani, wadda sunan ƙasar da ta fito ya zame mata laƙabi, wato Hadiza Gabon. An haifi Hadiza Aliyu a Libreville, babban birnin Gabon, a 1989. Mahaifinta mutumin Gabon ne, mahaifiyarta Bafulatana ce 'yar asalin Adamawa. Can ta yi firamare da sakandare, ta soma karatun lauya ba ta kai ƙarshe ba, ta yi difloma a Faransanci, har ta taɓa koyar da shi a makaranta. Da ta shigo Najeriya, jihar mahaifiyarta ta fara sauka, sannan ta wuce Kaduna, ta nemi Ali Nuhu ya sa mata hannu. Fim ɗinta na farko, Artabu, ya fito a 2009. A 2013 ta karɓi kyautar gwarzuwar jarumar finafinan Hausa a bikin Best of Nollywood, a shekarar da ta biyo kuma ta sake karɓar irinta a bikin karrama 'yan Kannywood. Ta yi fim da 'yan Kudu a Legas, ta kafa gidauniyar taimaka wa marasa galihu a 2016, ta fito a shirin barkwancin nan na Gidan Badamasi da gidaje da yawa ba sa bari ya wuce su. Yanzu kuma shirin hirar da take yi a YouTube ya zama wurin da 'yan fim da mawaƙa ke zuwa su faɗi abin da ke cikinsu, wasu har da hawaye.

Wannan jerin nasarori ne, kuma ba shi ne abin da ya fi ba ni mamaki ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bakinta.

Mu da aka haifa cikin Hausa ba mu san nauyinta ba, kamar yadda kifi bai san ruwa yana da sanyi ba. Ka ce wa wanda ya tashi da Faransanci ya raba maka "kuka" na miya da "kuka" na hawaye. A takarda abu ɗaya ne, a baki kuwa sai muryarka ta hau inda ake hawa ta sauka inda ake sauka. Ga "gari" na zama da "gari" na tuwo. Ga "wuya" na jiki da "wuya" ta rayuwa. Ga ƙa da ka, ga ɗa da da, waɗanda baƙo kan shekara goma yana tuntuɓe a kansu. Wannan duk ciniki a kasuwa ne kawai zai sa ka iya. Ɗan wasa kuwa ba ciniki zai yi ba. Zai yi kuka da harshen, ya yi fushi da shi, ya yi zolaya da shi, ya jefa habaici daidai inda zai yi zafi, kyamara tana kallon fuskarsa, darakta yana jiran rana kada ta faɗi. Bayan harshe ga kuma abin da ba a koyarwa a aji: yadda amarya ke sunkuyar da kai gaban suruki, yadda uwa ke kauce wa sunan ɗan fari, yadda mace ke cewa "malam" ko "maigidan" don kada ta ambaci sunan miji, irin shirun da ke nufin "na yarda" da irin wanda ke nufin "za mu haɗu". Ni dai kunnena ya tuna finafinan Hadiza na farko, harshenta yana ɗan karyewa nan da can. Yau ita ce ke zaunar da haifaffun Kano da Zariya tana yi masu tambaya, tana tsokanarsu, tana kama su in sun zame. Wannan aiki ne na shekaru, kuma ban taɓa jin mun yaba mata a kansa ba. Mun ɗauke shi kamar dole ne.

To ai ba yau aka fara ba. Marigayi Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, Banufe ne daga gidan sarautar Pategi. Soja ya yi, kuma Hausar bariki da ya kwaso can ita ya mayar da dariyar da iyayenmu suka yi shekaru suna yi a rediyo da talabijin na Kaduna. Da ya rasu a 2023 duk Arewa ta yi jimami, ban ji wanda ya tambayi wane harshe ya sha a nono ba. Shi kansa Ali Nuhu a Maiduguri aka haife shi, mahaifinsa mutumin Balanga ne ta jihar Gombe. In ka bi 'yan wasan nan ɗaya bayan ɗaya za ka tarar da Barebari da Fulani da Shuwa da mutanen Jos da Kudancin Kaduna. Za a ce ai waɗannan duk 'yan Najeriya ne. Haka ne. Ke nan ba Hausanci ake karewa ba, katin ɗan ƙasa ake dubawa. In kuwa kati ne, sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a waje ɗan ƙasa ne tun daga haihuwa matuƙar ɗaya cikin iyayensa ɗan ƙasa ne. Bai ce sai uba ba. Mu ne dai muke lissafin asali ta wajen uba kaɗai, kamar uwa hayarta aka yi.

Kuma wannan lissafin ma muna canza shi in ya yi mana daɗi. John Boyega a Landan aka haife shi, a can ya girma, Turancin can ne a bakinsa. Da ya yi suna a finafinan Amurka babu jaridar ƙasar nan da ba ta kira shi ɗan Najeriya ba. Namu in ya je ƙasar wasu ya yi fice, jini ne. Na wasu in ya zo ƙasarmu ya yi fice, sai mu lamunta har ranar da ya yi kuskure.

Yanzu bari in ba Kawu haƙƙinsa, don ba ƙarya ya gani gaba ɗaya ba. Akwai abin da idonsa ya hango, fassarar ce ya kuskure.

Shekarun baya wata yarinya daga wajen Magarya ta kwana a gidanmu. Kakarta da kakata sun san juna, shi ya sa aka ce in dare ya yi mata a Daura ta nemi gidan. Ba ta fi shekara goma sha tara ba. Jaka ɗaya gare ta, sai lambar wayar wani mutum da ya ce mata shi furodusa ne, sun haɗu a Facebook. Inna ta yi mata faɗa har dare ya raba, ta ce, "'Yar nan, ki koma gida, Kano ba wurin yarinya ita kaɗai ba ne." Da asuba ta ɗauki jakarta ta nufi tasha. Bayan wata takwas ta sake biyowa ta gidan, ta rame, wayar ma ta sayar. Abin da ta samu shi ne fitowa a bayan wasu cikin waƙoƙi biyu, ba a ba ta ko sisi ba, an ce ai tallata ta ake yi. Sauran abin da ya faru ba ta faɗa mani ba, Inna ta faɗa wa, Inna kuma ta rufe bakinta.

Irin waɗannan suna da yawa a ofisoshin 'yan fim na titin gidan Zoo a Kano. Suna zuwa daga Maraɗi da Damagaram da Garwa, suna kuma zuwa daga Gombe da Funtuwa da Malumfashi. Bambancin shi ne 'yar Funtuwa in abu ya ɓaci tana da yayan da zai hau mota ya iso cikin awa uku. Baƙuwa ba ta da kowa. Ba ta san wa za ta kai wa ƙara ba, tana tsoron a tambaye ta takarda, kuma wanda ya cuce ta ya san haka. Mai ofishin ɗan gida ne. Mai riƙe da kyamara ɗan gida ne. Wanda ya ce "cire mayafin nan, ya fi jan masu kallo" ɗan gida ne. Da ɗan gari akan ci gari. Manyan rigingimu biyu da suka fi girgiza Kannywood, na bidiyon batsa a 2007 da na bidiyon waƙa a 2016, duka 'yan gida ne a tsakiyarsu, kowa ya sani.

Batun kuɗi kuwa tun kafin a zo kan baƙi a lalace yake. Tunda kasuwar faifai ta mutu aka koma shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da tashoshin talabijin, abin da ke shigowa ya ragu, masu son fitowa kuma sun ninka. A 2022 Ladin Cima, dattijuwar da ta fara wasa tun zamanin wasan kwaikwayon talabijin, ta faɗa wa BBC Hausa cewa dubu biyu zuwa dubu biyar ake sallamarta da su. Wasu masu shirya fim sun musanta, aka yi ta cacar baki kwana da kwanaki. Abin da ya fito fili a rigimar shi ne babu takardar da wani zai ɗaga ya ce ga abin da muka yi yarjejeniya a kai. Komai da baki ake yi. Inda tsohuwa mai furfura da suna za ta yi irin wannan kuka, ina ga yarinyar da ta sauka daga motar Maraɗi jiya?

Don haka ni abin da nake so in ji daga Hukumar Tace Finafinai ta Kano, wadda ke nan tun 2001, da ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN, ba barazanar kora ba ce. Tunda dai suna yi wa 'yan fim rajista, a sa ƙofar rajistar a buɗe ga baƙo ba tare da tsoro ba, a san waliyyin yarinya ko daga wace ƙasa take, a tilasta rubuta abin da za a biya kafin a kunna kyamara, a kuma samar da ɗakin da mace za ta shiga ta kai ƙarar babban furodusa ta fito ba a rufe mata ƙofar aiki ba. Kora ba ta hana zuwa. Mai zuwa zai zo, sai dai ya zo a ɓoye, kuma a ɓoyen ake cin mutunci.

Akwai labarin wani ɗan ci-rani da nake so 'yan fim ɗinmu su sani, don na lura da yawansu ba su taɓa jin sunansa ba. Oumarou Ganda Bazabarme ne, an haife shi a Yamai a 1935. Yana yaro matashi ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indochina. Da ya dawo bai samu abin yi a gida ba, sai ya gangara Abijan, ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa, kamar yadda samarinmu ke gangarawa Legas da Fatakwal yau. Can wani Bafaranshe mai ɗaukar fim, Jean Rouch, ya same shi, ya sa shi ya taka rayuwarsa ta ɗan ci-rani a fim ɗin da ya fito a 1958, da bakinsa, da gajiyarsa, da fushinsa. Ganda bai tsaya a nan ba. Ya koma Yamai ya koyi aikin, ya zama darakta, kuma a 1972 shi ne mutum na farko da ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu. Ya rasu a farkon 1981, yau akwai cibiyar al'adu da sunansa a Yamai. Da mutanen Abijan sun tattara shi sun maida shi inda ya fito tun ranar farko, da ɗan dako ne kawai aka kora, babu wanda zai san abin da aka yi asara.

Na san mai karatu yana jira in kawo Bayajidda, tunda daga Daura nake rubutu. Baƙo ya zo da dare, aka hana shi ruwa, ya kashe macijin Kusugu, ya auri Daurama. Duk baƙon da ya zo garin nan sai mun kai shi rijiyar ya sha ya ɗauki hoto. Amma malaman tarihi suna ja-in-ja a kan labarin, kuma ba sai na je nesa haka ba. Bayan jihadi, sarakunan Haɓe na Katsina arewa suka yi, suka kafa Maraɗi, shi ya sa har yau sarkin can Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce mashi. Layin da ya raba mu da su Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja, tsakanin 1906 da 1908 aka bi ana kafa turakunsa, wani wurin ta tsakiyar gonar mutum. Yarinyar Maraɗi da ta zo Kano yin fim, ta yiwu kakanninta sun fi nawa daɗewa a birnin Katsina. Kuma ita ba ta ma da wahalar da Hadiza ta sha, Hausar da ta sha a nono ita ce tamu ta nan, har da "tahi" da "hwara". Fati Nijar daga Maraɗin ta fito, kuma ban san gidan bikin da aka yi a Katsina ko Daura cikin shekarun nan da muryarta ba ta shiga ba. Kafin ita iyayenmu sun saurari Mamman Gawo Filinge a Rediyon Kaduna, ba su nemi fasfo ɗinsa ba.

Mu mutanen Daura ya kamata mu fi kowa ƙyamar wannan kalma ta "ba ɗan ƙasa ba ne", don mun ɗanɗana ta. Shekara takwas marigayi Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, yana mulki, masu adawa da shi suna ce mashi ɗan Nijar, in ya yi maganar layin dogon Kano zuwa Maraɗi a ce danginsa yake yi wa aiki. Har wani labarin banza aka ƙago wai ya mutu an sauya shi da wani daga Sudan. Kawu yana cikin waɗanda suka fi kowa tada jijiyar wuya a kan haka, a wannan teburin shayin. Tun 1980 ma an yi irin wannan ga Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jihar Borno, aka ɗauke shi aka tsallakar da shi Chadi wai ba ɗan Najeriya ba ne, sai kotu ce ta dawo da shi. Kalma ce da ake zarowa in hujja ta ƙare.

Sai kuma kasuwa, wadda 'yan fim suka fi ni sani. Wa ke kallon finafinan nan? In Sallah ta zo, Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa jarumanmu ke tafiya wasa, a cika fili, su dawo da sefa. Masu danna shirye-shiryen a YouTube da yawansu suna Nijar da Kamaru da Ghana da Sudan da Saudiyya. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, mun ga yadda kasuwar Mai'aduwa da ta Jibiya suka yi sanyi, amma fim bai tsaya a shingen kwastan ba, ta waya ya ci gaba da wucewa. Muna son sefarsu da idanunsu, 'ya'yansu ne ba ma so su tsaya gaban kyamara. Ni ban ga yadda za a ce wa mutum ya yi shekara talatin yana kallon abu da harshensa, da tufafinsa, da irin rikicin gidansu, sannan a yi mamaki don 'yarsa ta ce ita ma za ta iya.

Watan jiya aka yi bikin jikar Kawu. 'Yan Matamaye sun zo mota biyu, mata da yara, da buhun gero da ƙwaryar fura. Da yamma a wurin kamu mai kiɗa ya saki waƙar Fati Nijar, mata suka cika fili suna liƙi, Kawu yana zaune can gefe a kan tabarma yana karɓar gaisuwa, ƙafarsa tana ɗan motsi. Ina tsaye bakin ƙofa sai wata budurwa cikin baƙin ta matso, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce an faɗa mata ina zuwa Kano kuma na san mutane. "Yaya, don Allah ta ina ake bi a shiga fim?" Na dube ta, na dubi Kawu, wanda a lissafi kakanta ne. Na ce mata ta fara ba ni lambar babanta.